Mahaɗin da Maƙeriya Ta Gyara

Maƙeriya ba ta ɓata lokaci. Barira ta ɗora ɗan guntun tagullar a kan faranti, murfin gilashi ya sauko, wani siririn haske shuɗi ya shiga bin jikinsa yana ɓare shi kamar albasa. Haka na'urar, wato Maƙeriya, take karanta ƙarfe: sai ta cinye shi ɓawo-ɓawo, ta san cikinsa da wajensa, sannan ta zubo sabo. Cikin minti huɗu tsohon ya zama gari, sabon ya faɗo cikin kwano yana ƙyalli.

"An gyara kuskure uku," in ji muryar na'urar.

Barira ta yi murmushi, don wannan maganar ita ta rubuta ta. A shekarar 2093 babu unguwar da ba ta da Maƙeriya a Kano, kuma Barira ce ta ƙirƙiro sashen da ake kira Mai-gyara. Shi ne yake auna duk abin da aka kawo da ainihin zanen masana'anta, inda ya ga saɓani ya daidaita, sannan ya goge bayanan tsohon. Ranar ƙaddamarwa ta tsaya gaban jama'a ta ce, "Ba ma ajiye kuskure," aka yi ta tafi. Injiniya ce ta gaske, kuma ta san da haka, wanda shi ne ɗan aibinta.

Guntun tagullar daga motar mahaifinta ta ciro shi. Malam Jatau tsohon makanike ne, shekara tamanin da ɗaya, motar kuma ta haura sittin, mai giyar otomatik. Irin wannan giyar da mai take aiki, man kuma zafi yake yi. Saboda haka akwai bututu biyu na ƙarfe da suke kai shi lagireto ya huce ya dawo. A inda bututu ya haɗu da lagireto akwai mahaɗi, bai fi ɗan yatsa tsawo ba. Nasu ya tsage a wuya, jan mai yana ɗiga ƙasa.

Da a ce lafiya lau ake, ai sai motar ta yi ta ɗigarta. To likita ya ce kwanaki suka rage wa Malam Jatau, ba makonni ba. Shi kuma abu ɗaya ya roƙa, a kai shi Kukar Sambo, ƙauyensu, inda aka binne mahaifiyarsa da matarsa. Motocin birni a kan layin lantarki suke tafiya, layin kuma ya ƙare a bakin gari, ƙauyen yana gaba da kilomita ɗari da ashirin. Tunda ba a jinkirta gawa, in ya cika a Kano, a Kano za a sa shi. Dole ya isa da ransa, kuma tsohuwar motar nan kaɗai ce za ta iya kai shi.

Barira ta dawo gida da hantsi, ta durƙusa gaban motar, ta ɗaura sabon mahaɗin. Gefen bututu ya shiga sumul. Gefen lagireto ya yi juyi ɗaya ya cije. Ta kwance, ta sake, ya sake cijewa.

Malam Jatau yana kishingiɗe a kan tabarma a ƙofar gareji. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Barira, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, miƙo shi in gani."

Ya juya shi a tafin hannunsa, ya shafa zaren da babban yatsa, wato ƴan layukan da ake murɗawa su kama.

"Wannan na kamfani ne. Ina nawa?"

"Baba, naka ya tsage. Kuma a karkace yake, bakinsa biyu ma ba daidai suke ba. Na'ura ta gyara."

"Ta gyara," ya maimaita a hankali. "Lagireton nan ai ba na motar ba ne. Shekarar da aka haife ki na asalin ya fashe, na ciro wannan a jikin wata mota daban. Zarensu bai zo ɗaya ba, sai na zauna da magagari na yanka wa kowane baki nasa. Karkatar kuma don kada bututun ya goga fanka ne. Je ki ce ta ba ki nawa, sai mu yi masa walda."

Sai da ya maimaita sannan Barira ta ce, "Ta cinye shi, Baba."

"To awon fa? Ai ta auna."

"Ba ta ajiyewa."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Allah Sarki," ya miƙa mata abinta.

Ta koma wurin Maƙeriya da niyyar a karanta ramin lagireton, sai ta tuna karantawar cinyewa ce. Ta gwada tiyo da ɗaurin waya, da injin ya ɗumama tiyon ya fashe, mai ya wanke mata fuska. Toshe bututun kuma ba dabara ba ce, man zai tafasa, giyar ta ƙone kafin su yi rabin hanya.

Washegari ta nufi tsohuwar kasuwar kayan gyaran mota. Wurin ya zama dogon zaure mai sanyi, Maƙeriya goma sha biyu a jere, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙasa. A bakin ƙofa ta sami Alhaji Na'iya, wanda a da yake da rumfar tsofaffin lagireto, yanzu kuma yana gadi.

"Ƴar Jatau, mahaɗin giya kike nema? A da buhu uku gare ni, kowane iri, har na dabara irin na ubanki."

"Suna ina, Baba Alhaji?"

Ya nuna na'urorin da haɓa. "Ke za a tambaya. Ku kuka ce a kawo tsohon ƙarfe duka a narke, wai duk abin da muke so za a zubo mana sabo."

Ta dawo gida hannu wofi. Malam Jatau ya sa ta buɗe akwatin kayan aikinsa, ta ɗauko magagari da wani guntun tagulla. Hannunsa ba ya iya riƙe ko cokali, sai dai ya faɗa ta yi.

"Kwantar da hannun. Ba da ƙarfi ba, saurara ki ji yadda yake ci."

Barira, mai digiri uku, ta zauna a ƙasa tana koyon abin da ta ƙi koya tana ƴar shekara goma sha biyu, lokacin da take cewa garejin wari yake. Na farko ta cinye zaren. Na biyu ya shiga, amma yana yoyo. Kwana biyu suka tafi a haka, yatsunta duk suka yi kanta. Muryar tsohon tana ƙara yin ƙasa, har sai Barira ta kai kunne bakinsa.

Ranar Laraba da safe ta kawo masa na uku. Ya shafa, ya daɗe yana shafawa.

"Saura kaɗan, Uwata. Juyi na huɗu ya yi tudu. Hannunki ya fara ji."

Ta koma bakin motar da murna, ta goge tudun, ta ɗaura. Ya shiga juyi ɗaya, biyu, har shida, ya zauna daram. Ta tayar da injin, ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ta jira minti goma tana kallo. Ko ɗigo babu.

"Baba! Ya kama!"

Bai amsa ba. Yana nan yadda ta bar shi, fuskarsa tana kallon motar, yatsansa a lanƙwashe kamar har yanzu yana shafa zaren. Barira ta durƙusa ta yi salati, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta, injin kuma yana ta aiki lafiya ƙalau a bayanta.

Kafin la'asar aka kai shi maƙabartar birni, layi na arba'in, lamba ta dubu tara da shida.

Bayan addu'ar bakwai ta kwance mahaɗin, ta tafi da shi wurin aiki. Ita kanta ba ta san abin da take nema ba. Ta ɗora shi a kan faranti, ta riƙe murfin da hannu don kada ya sauko. Idon na'urar ya leƙa shi daga sama, ya ga karkatar, ya ga baki biyu da ba su zo ɗaya ba, ya ga sawun magagari.

"An ga kuskure uku," in ji Maƙeriya. "A gyara?"

Barira ta ɗauke abinta, ta ƙulle shi a bakin mayafi.