Mai Sanyin Hannu

Ranar bikin Gicciye Mai Tsarki, ana tsakiyar rawa a gaban coci, Ofelia Canché ta ji an ɗora mata hula a ka. Haka samari ke yi wa budurwar da rawarta ta burge su, in kiɗa ya tsaya su zo su karɓi abarsu. Ta waiga, sai ta ga Nicanor Dzul ne, mai kiwon zuma a ƙauyen gaba.

Da aka tashi ya biyo ta.

"Hulata fa?"

"Wadda ka bayar da hannunka?"

"Rana za ta gasa ni a hanya."

"Ka bi inuwa."

Kafin ta kai gida saƙonsa ya shigo wayarta: "Ɓarauniyar hula, na isa lafiya. Hankalina ne dai ya tsaya a wurinki."

Damina ba ta ƙare ba iyayensa suka zo tambayar aurenta da burodi da cakulan. Mahaifinta, Baba Feliciano, ya karɓe su da mutunci, amma ya mayar musu da kayansu.

Wilberth, ɗan mai kanti, wanda ya daɗe yana son Ofelia, shi ya kawo maganar da ta jawo haka. Wai bara da Nicanor ya binne pib a gidansu, ɗanye ya fito. Kowa kuwa ya san pib, wainar masarar nan mai kaza da ake naɗewa da ganyen ayaba a gasa a rami domin matattu masu zuwa ziyara ranar bikinsu, ba ya nuna a hannun mai sanyin hannu.

"'Yata, bana ce zuwan farko na uwarki tun rasuwarta," in ji tsohon. "Ba zan sa Casimira ta tako daga inda take ta koma da yunwa ba. Bana ma ke nan, balle shekarun da ba na nan."

Ofelia ba ta yi musu ba. Ta rubuta wa Nicanor abin da aka ce. Shiru. Kwanaki suka shuɗe, har ta sauke hular daga ƙusa ta tura ƙarƙashin gado.

Ana gobe bikin matattu ya amsa: "Kurciyata, kunya ce ta hana ni magana, ba fushi ba. Gaskiya ne ɗanye ya fito. Wa zai haƙa muku rami?"

"Baba, da ciwon bayansa. Wilberth ya ce zai aiko da yaran kanti."

Da safe tana jera kyandir da furanni a gaban hoton mahaifiyarta, ta ji sara a bayan gida. Nicanor ne, ya riga yaran kantin. Ya haƙa ramin, ya jera itace, ya ɗora duwatsu, ya tsaya a kan wutar har duwatsun suka yi fari. Tsohon na zaune a kujera, bai ce masa sannu ba, bai kuma kore shi ba.

Da Ofelia da gwaggonta suka fito da pib, Nicanor ya ja da baya har gindin lemo, ya mai da hannuwansa baya.

"Ina za ka?" in ji Baba Feliciano.

"Na Mama ne, Baba. Kar in ɓata mata."

Tsohon ya yafito shi.

"Zo nan. Miƙo hannunka."

Ya riƙe tafin nan da ya yi kanta, ya ɗuri ruwa, yana huci kamar dutsen ramin.

"Wannan ne mai sanyin? Ɗauki babban, shi ne nata."

"Baba, in ya fito ɗanye fa?"

"Sai ka bi ta ka ba ta haƙuri."

Nicanor ya sa shi a tsakiya, aka rufe da ganye da ƙasa. Ofelia ta koma ciki ta durƙusa. Ba ta roƙi waliyyi ko ɗaya ba, uwarta ta roƙa.

Rana ta karkata aka tone. Gwaggo ta ƙwanƙwasa ɓawon da yatsa, ya amsa kamar ƙwarya. Ta ɓantari gefe, tururi ya tashi.

Tsohon ya ɗauka da kansa, yana dafe da baya, ya ajiye ƙarƙashin koren gicciye a gaban hoton.

"Casimira, ga naki da zafinsa," ya ce a hankali. "Surukinki ne ya binne."

Ranar bikin Uwargida ta Guadalupe Fada, limamin cocin, ya ɗaura auren. A ƙofar coci Baba Feliciano ya haɗa hannuwansu cikin nasa, ya ce Allah ya ɗumama gidansu, kada murhunsu ya mutu.

Nicanor ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"To, yanzu hulata fa?"

"Tana gida," in ji Ofelia. "Ka zo ka zauna kusa da ita."