Babu Labari Daga Saman Kogi

Faɗa ne ya fara kai Lonnie Pruitt shagon kayan fatsa na Halvorsen. Ya turo ƙofa takalminsa shaɓe-shaɓe da laka, ya tsaya gaban kanta ya ce, "Wace ce mai yi wa mutane ƙarya a waya?"

Wata budurwa ta ɗago daga kwandon koton da take shiryawa, ta dube shi daga laka har hula.

"Ni ce. Sunana Marnie. Wace ƙaryar daga ciki?"

Nan take faɗan ya gudu ya bar shi. Muryar ce dai wadda ya sani, sai dai yanzu ta zo da idanu, kuma bai shirya wa idanun ba.

Kowa a garin Elkhorn ya san lambar shagon nan. In ka kira da sassafe, na'ura ce za ta ɗauka, ka ji Marnie tana faɗin halin da kogi ya kwana: tashinsa, launinsa, sanyinsa, da labarin kifaye: inda salmon suka kai, ko stilhed sun fara shigowa, da abin da tirawut ke ci. Babu mai ɗaure kwalekwale a bayan mota bai ji ta bakinta ba.

"Kin ce ruwa ya washe a saman kogi, can wajen mafari," in ji Lonnie, murya ta yi ƙasa. "Ƙanƙarar duwatsu tana kan narkewa. Ruwan kamar shayi da madara yake."

"Kai ne sabon mai kula da shingen kifi?"

"Ni ne."

"To, Malam Mai Gaskiya, ni ba ni da fiffike. Tunda kana can, ka riƙa gaya mini." Ta karɓi wayarsa ta sa masa lambarta.

Shingen yana can ƙarshen hanyar daji, inda gidan ƙyanƙyasar kifi ke tare kifayen da suka dawo daga teku. Lonnie shi kaɗai ne a wurin, shi da ɗakin kwana na tirela irin wanda mota ke ja, da ƙarar ruwa. Kaɗaici ba baƙonsa ba ne. A hannun hukuma ya tashi, yau wannan gida gobe wancan, kayansa a jakar leda. Da ya girma bai canza ba: bana wannan kogin, baɗi wani. Babu inda ya taɓa bari aka tambayi ina ya shiga.

Sabis ba ya kamawa sai a kan wata tsohuwar gadar ƙarfe. Nan ya riƙa takawa kowace safiya.

"Ruwa ya ɗan ragu. Launin shayi har yanzu. Sanyi mai cizo."

Amsa ta zo: "Na gode, Mai Gadin Ruwa. Kai fa, ya ka kwana? Ko kai ma launin shayi?"

Ya daɗe yana kallon saƙon. Bai tuna ranar da wani ya tambaye shi yadda ya kwana ba.

Yuni na shiga, kogi ya fara komawa kore, saƙonni suka fara tsawo.

"Ruwa ya yi kore, ina hango duwatsu har gwiwa. Na ga stilhed na farko, fari tas kamar sabon cokali. Na juya in nuna wa wani, babu kowa. Sai na tuna da ke, Muryar Safe."

"Ka ajiye mini shi. Ranar Lahadi zan zo da fanke da kofi. Kar ka ce kana da baƙi, na san ƙarya ce."

Ta zo kuwa. Suka zauna kan dutse ƙafafunsu a ruwa har suka daina jin yatsunsu. Ta ba shi labarin mahaifiyarta da ta rasu, wadda ita ta fara rahoton wayar. Shi ma ya ba ta nasa, wanda bai da tsawo.

"Ka taɓa kewar wani wuri?" ta tambaye shi.

"Sai ka zauna wuri kake kewarsa."

"To zauna," ta ce, tana zuba masa kofi ba ta dube shi ba.

Garin da bai kai cikin cokali ba, ina za a ɓoye soyayya? Ba a jima ba labari ya kai kunnen Gunnar Halvorsen, mahaifin Marnie, tsoho mai ƙarancin magana da ke zaune shi kaɗai a gidansu na bakin kogi tun da 'yarsa ta koma ɗakin saman shago. Gunnar yana da nasa zaɓin: Trent Ostrander, ɗan gari, mai babban jirgin ruwa na kai baƙi fatsa, mai dariyar da ake ji daga ƙetaren ruwa.

Wata rana da hantsi motar tsohon ta tsaya a shingen. Ya tarar da Lonnie cikin ruwa har ƙugu yana rarrabe kifi. Ya tsaya yana kallo har ya ga ya ɗago wani ƙaton stilhed, ya shafa bayansa, ya zura shi sama da shinge.

"Me ya sa ka sake wannan?" in ji Gunnar, kamar bai sani ba.

"Ƙaramin fiffiken bayansa yana nan, Mista Halvorsen. Haifaffen kogi ne, doka ta ce a sake shi. Na kiwo ne ake yanke wa tun suna ƙanana."

"Ashe ka san doka." Tsohon ya gyara hula. "Marnie a kogin nan aka haife ta, a nan uwarta take kwance. Kai kuwa, ba zagi ba, ɗan kiwo ne. A tanki ka tashi. Kaka na shigowa aikinka ya ƙare, ka ɗauki jaka. Ko ka bar ta da kuka, ko ka tafi da ita. Ba na son ko ɗaya. Abin da aka haifa a nan, in ka kama, saki ake yi."

Da zagi ne da Lonnie ya iya ramawa. Amma mutumin bai faɗi abin da shi bai taɓa gaya wa kansa ba. Ya tsaya cikin ruwan sanyi har ƙarar motar ta ɓace.

Washegari ya rubuta: "Ruwa kore. Ya ragu kaɗan."

"Shi ke nan? Ina sauran?"

"Shi ke nan."

"Lonnie, na yi maka wani laifi ne?"

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge, ya mai da wayar aljihu.

Ranar Lahadi yana kan gada sai ga jirgin Trent ya ɓullo daga kwana, Marnie zaune a gaba. Mahaifinta ne ya ce ta bi Trent ta ga saman kogi da idonta tunda labari ya yi ƙaranci, amma Lonnie ina zai sani? Abin da ya gani shi ne Trent ya ɗaga masa hannu yana washe baki.

"Sannu da gadi, ɗan tanki!"

Marnie ta miƙe tana kiran sunansa, inji ya haɗiye muryarta. Daga ranar ko saƙon ruwan ya daina. Da wani gidan kifi a Alaska ya neme shi aikin kaka, ya ce ya amince.

Abu ɗaya ne ya kasa bari. Kowace safiya sai ya taka zuwa gada, ya kira lambar shago, ya jingina da ƙarfe mai raɓa yana saurare.

"Barkanku da asuba, Marnie ce. Ƙasan kogi ya washe, salmon sun taru a bakin rafi. Tirawut na cin ƙwari da yamma. Saman kogi kuwa…" Sai ta ɗan yi shiru. "Babu labari daga saman kogi."

Wannan ɗan shirun shi yake zuwa ji. Ya fi ruwan ƙanƙara sanyi, amma nasa ne. Yakan koma tirela ya dafa kofi a ƙaramar tukunya, ya sha a tsaye, yana kallon kofin da ta manta a kan taga. Kewa dai ya san ta yanzu, kuma ba ta yi masa daɗi ba.

Trent ne ya ɓata wa kansa. Mutum ne da ba ya iya riƙe labari mai daɗi. Yana sayen ƙugiya a shago ya ce wa Marnie, "Ai tsoho ya iya magana. Doka kawai ya karanta wa yaronki, ya ce 'yar kogi saki ake yi. Shi kuwa ya saki."

Marnie ta miƙa masa ƙugiyoyinsa. "Na gode, Trent. Yau ka yi mini amfani."

Da safe Lonnie ya kira kamar kullum.

"Barkanku da asuba, Marnie ce. Ruwa ya ragu, ya fara ɗumi, ku fita da wuri. Stilhed suna ko'ina, sai wanda bai iya ba. Yanzu ga tunatarwa kan doka, don na ji wasu sun karanta rabi sun bar rabi. Gaskiya ne haifaffen kogi saki ake yi. Amma ɗan kiwo, in ka kama shi, naka ne. Riƙe shi ake yi a tafi da shi gida. Ni na kama ɗaya a saman kogi, kuma ban sake shi ba. Lonnie Pruitt, ina ganin lambarka kowace safiya. In kana da labari, ka zo ka faɗa da bakinka."

Ya sake kira ya saurara. Sai ya ruga mota, takalmin ruwa a ƙafarsa.

Bai taɓa ganin motoci a ƙofar shagon kamar na ranar ba. Tsofaffin da suka yi shekaru ba su jiƙa fatsa ba duk sun tuna suna bukatar koto. Suka dare masa hanya suna tari irin na munafunci.

Marnie na bayan kanta, idanunta ja. Gunnar na zaune kan kujerarsa kusa da tukunyar kofi, fuska a murtuke.

"Ka ji abin da ta yi mini a gaban duniya," in ji tsohon.

"Na ji, Mista Halvorsen." Lonnie ya cire hula. "Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne. Ban taɓa zama ba, don ba a taɓa ce mini in zauna ba. Ita ta ce. Yanzun nan a kan hanya na kira Alaska na ce su nemi wani. Ban san aikin da zan yi da sanyi ba, ko itace ne zan faskara. Amma ba zan kai ta ko'ina ba."

"Baki ne. Kowa yana da shi."

"Baba," in ji Marnie a hankali. Ta zagayo ta durƙusa gaban kujerarsa. "Lambobi biyu ne ke riga kowa kira kullum. Ɗaya tasa ce. Ɗayar ta gidanmu ce."

Gunnar ya kau da kai.

"Kogin yana bakin tagarka, Baba. Ka fi ni sanin launinsa. Me kake kira ka ji?"

Tsohon ya kalli kofinsa. Gemunsa ya motsa kafin magana ta fito. "Gidan ya yi shiru da yawa," ya ce. "Muryarki irin ta uwarki ce."

Lonnie ya ji abin har ƙashinsa. Ashe su biyu ne kowace safiya, ɗaya a kan gada, ɗaya a kicin, kowa da waya a kunne, kowa na tsoron ranar da muryar za ta ɗauke.

"Ni ma abin da nake kira in ji ke nan," ya ce.

Gunnar ya daɗe yana dubansa. Sannan ya share hanci da bayan hannu. "Na kiwon nan naku, in sun je teku, ina suke dawowa?"

"Ruwan da aka sake su a ciki."

"To a kogin nan na sa ka yi saki, kai ma a nan aka sake ka, ga shi ka dawo." Ya tura masa kujera da ƙafa. "Zauna, kana jiƙa mini shago."

Marnie ta kama hannun Lonnie ta matse. "Mai Gadin Ruwa, ya ka kwana?"

"Launin shayi," ya ce. "Amma yana washewa, Muryar Safe."

An ɗaura auren ana gab da shiga kaka, a farfajiyar gidan Gunnar, kogi na wucewa a bayan fasto. Aka gasa salmon a kan katako, aka ci har aka bari. Trent ma ya zo, ya fi kowa ci, ya fi kowa tafi. Amarya da ango suka tare a gidan bakin kogin, don tsohon ya ce ɗakuna sun yi masa yawa.

Waɗanda suka kira lambar shago a safiyar bikin ba su ji Marnie ba. Wata murya suka ji mai kaushi, tana gyaran maƙogwaro.

"Gunnar ne. Yau shago a rufe. Ruwa lafiya lau, kifi na nan, ku je ku nema da kanku. Labari daga saman kogi shi ne, ɗana ya iso gida. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa su tsufa a bakin ruwan nan." Sai aka ji yana laluben na'urar. "Marnie, ina ake kashe abin nan?"