Garin Kellu da Awon Ashraf

A Kasuwar Shanu ta Potiskum Ashraf ya fara ganin Fanne, tana miƙa wa mahauci ƙullin garin magani. Uwarta Kellu ke haɗa shi, shekara ashirin tana warkar da yankan wuƙa. Shi kuwa ɗan Kanawan unguwar Yerimaram ne, yana karatun haɗa magunguna a jami'a.

"Me kike sayarwa, farin wata?"

"Abin da ya gagari likitocinku."

Ya yi dariya. Ya dawo washegari, ya yi ta dawowa. Ya koma makaranta da ƙulli uku na garin don gwaji, sai ga wasiƙa. Fanne ta karanta wa uwarta:

"Fannena, kewarki ta hana ni sakat. A ɗakin gwaji muna fasa ƙwayar cuta, mu ciro 'yan injinan da ke ƙulla mata abin gina jiki, kamar duwatsun tsakiya a zare. Mu zuba magani, na'ura ta ƙirga ƙullin. In ƙirgen ya faɗi, magani ya ci. Sunan Inna zai kai ko'ina."

Ƙirge bai faɗi ba. Ashraf ya rubuta a takardar bincikensa cewa garin banza ne. Takarda ta kai ga duba-gari, suka kifar da tiren Kellu a gaban mahauta, suka kore ta kamar ɓarauniya.

"Ba zan ba shi 'yata ba," in ji Kellu.

Fanne ta daina cin abinci, ta rame. Bayan wata shida Ashraf ya zo ya durƙusa.

"Inna, mun gwada garin a kan ƙwayar mai rai. Yana kashe ta, fasa ta yake yi. Awonmu ne ba ya ganin wannan."

"To tashi mu je kasuwa ka faɗa da bakinka."

"Malamina ya ce sai an buga sabuwar takarda. In na yi magana, digirina ya tafi."

Kellu ta dubi 'yarta, tana jiran ta tsaya mata.

"Inna, ki yi haƙuri. Ina son shi."

Baffan Fanne, Bakari, ya ɗaura auren bayan Babbar Sallah. Kellu ta sa albarka, don ba ta tsine wa jininta. Allah ya ba su zaman lafiya, ga 'ya'ya biyu.

Shekara uku ke nan babu sabuwar takardar. Ashraf na gaishe da Kellu duk Juma'a, har ƙasa. Ba gaisuwa take buƙata ba. Ku da kuka yi boko, ku ja shi zuwa rumfar mahauta ya wanke sunanta.