Ɗalibin Kujerar Baya

Dole ce ta kawo shi ajin, don an ce duk ma'aikacin gwamnatin da bai yi kwas ɗin muhalli ba, babu shi babu ƙarin girma. Shi ke buga hatimi a ofishin ba masana'antu izini. Ya zauna can baya yana hamma, sai malamar ta nuna shi.

"Kai na baya, zo ka leƙa."

Ya sa ido a madubin ƙara girman abu. Cikin ɗigon ruwa guda, ga halittu birjik suna iyo, wasu na juyi kamar fanka.

"Subhanallahi! Duk a ɗigo ɗaya?"

Ta canza gilashin. Wannan karon babu abin da ke motsi.

"Rafi ɗaya ne, amma bayan ya wuce masana'antar fenti," in ji ta. "Shi mutane ke sha. Ruwa mai tsabta haƙƙinsu ne, ba alfarma ba, kuma yana ƙarƙashin hatiminku."

Ya ɗago ya dube ta, ya rasa wanne ya fi ba shi mamaki, ruwan ko ita.

Washegari ya tura mata saƙo: "Malamata, ɗalibinki ya kasa karin kumallo. Kofin ruwa kawai yake kallo."

"Sha abinka, Na-baya. Amma ka tace shi tukuna."

Wata huɗu suna haka, har ya nemi aurenta. Amma mahaifinta, wanda ruwan rafin ya ƙone wa lambu, ya ce atafau. "Masu hatimin nan su suka kashe min shuka. Ba zan ba su 'yata ba."

Wani abokin aikinta mai sonta kuma ya raɗa mata cewa Na-baya ya sabunta wa masana'antar izini. Ta daina ɗaga wayarsa.

Alhali mayar da fayil ɗin ya yi babu hatimi, ya rubuta a kai: "Sai sun tace ruwansu." Shi ya sa aka wurga shi ɗakin ajiyar takardu, inda ko taga babu.

Da labarin ya isa lambu, tsohon mahaifin nata ya wanke ƙafa ya zo da kansa. Ya daɗe a bakin ƙofa yana kallon saurayin cikin ƙurar fayiloli.

"Kai ne ka ƙi?"

"Ni ne, Baba."

"Turo manyanka."

Da la'asar saƙonta ya shigo: "Ka yafe min, Na-gaba."

Ranar ɗaurin aure tsohon ya riƙe hannun angon. "Allah ya yi muku albarka, ɗana. Ya ba ku zuriya masu tsoronsa."

Ɗakin ya amsa da amin.