Wayar da Ta Tsayar da Kyauta

Rana ta yi ja sa'ad da motar Malam Audu ta bar tashar Tudun Wada ta kama hanyar Riruwai. Fa'iza na kujerar baya, sabuwar waya a jaka, hannunta ɗaya damƙe da wuyan rigar ɗanta kamar mai kai ɗan akuya kasuwa.

Sunan yaron Mudassir, amma duk Riruwai Kyauta ake ce masa, don uku sun riga shi zuwa duniya, babu wanda ya kai yaye. Shi kuwa da ya zo, sai ya zo da gudun su huɗu. Shekararsa huɗu, ba wanda ya taɓa ganin ya ɗumama tabarma.

Ubansa Balarabe ya tafi aikin gini Aljeriya tun yaron na wata bakwai. Sabis ɗin unguwarsu ba ya ɗaukar kiran bidiyo, sai dai hoto. Fa'iza ta ɗauki hoton yaron nan ya fi sau dubu da tsohuwar wayarta, ko ɗaya bai fito ba. Kullum dishi-dishi. Balarabe ya turo murya yana dariya: "Fa'iza, wannan ɗana ne ko hayaƙin murhu?" Wata rana kuma: "Na ga kunne, madalla. Gobe a turo min hanci."

Shekaranjiya dariyar ta ƙare. Balarabe ya faɗo daga bene, gobe da safe za a shiga da shi tiyata a kai. Muryarsa ta zo can ƙasa-ƙasa: "Ki taimaka ki nuna min fuskar yaron nan sosai, ko sau ɗaya. Ban san yadda za ta kaya ba."

Abin da ya fito da ita neman sabuwar waya ke nan. Da safe surukarta Inna ta tare ta a bakin zaure.

"Wayar me kuma? Yaron da ba ya zama, ba shi kaɗai yake wasa ba. Abin da Allah Ya rufe miki, kada ki ce sai kin gani."

"To, Inna," in ji Fa'iza. Tana shan kwana ta maƙe murya ta maimaita maganar har da ɗingishin tsohuwar.

Wuni guda ta yi a Tudun Wada, a shagon Nazifi mai waya. Shi Nazifi, in ya buɗe baki sai ka ce rediyo ce aka manta a kunne.

"Hajiya, wannan kyamararta huɗu! Huɗu cif!"

"Ko goma ne, ni dai ta kama min wancan." Ta nuna Kyauta, wanda ya riga ya zagaye teburin sau biyu.

Aka ɗauka. Ƙafa ɗaya ta fito, da rabin kwandon wata mai awara.

"To ga wannan, tana gyara fuska. Ko daga barci kika tashi, amarya za ta mayar da ke."

Ta mayar da Fa'iza fara sol, har ita kanta ba ta gane kanta ba. Kyauta kuwa ya fito kamar an shafa kunu a bango.

Waya biyar suka gwada. Fa'iza ta yi lallashi, ta sayi alewa, ta yi zagi, ta matse shi tsakanin gwiwoyinta ya sulale kamar tarwaɗa. "Tsaya! Kai ja'iri, na ce ka tsaya!" Har masu shagon kusa suka haddace, suna tayawa.

Da la'asar sakaliya Nazifi ya share gumi, ya jawo wata baƙa daga ƙasan durowa. Ba kwali, ba leda.

"Wannan ba ta da kwalliya, amma kalli." Ya saita fankar shagon da ke ta juyi, ya danna. A hoton, fukafukan fankar uku sun tsaya cak, har ƙurar jikinsu ana gani. "Ki danna ki riƙe, za ta yi ta harbawa, hoto ashirin kafin ki ƙifta. Ko ƙuda ne a sama sai ta tsayar da shi. In ma kin goge bisa kuskure, tana da kwandon shara, za ta ajiye miki har kwana talatin. Cajin ne dai kaɗan."

Ta waiga neman Kyauta, ya shige ƙarƙashin wani baro. Malam Audu na ta danna hon a tasha, motar ƙarshe ce. Haka ta karɓi wayar ba ta gwada a kansa ba.

Sun yi nisa cikin dajin Falgore motar ta fara tari. A kan wani tudu ta yi tsaki ta mutu, tururi na tashi daga gabanta.

"Ruwa take so, kamar kowa," in ji Malam Audu. "A sauko a yi sallah kafin ta huce."

Maza suka koma gaban mota da butoci. Kyauta ya fizge, ya yi gefen titi, inda wani fili yake tsakanin itatuwa, ya shiga zagaye wani tsohon itacen marke yana ƙyalƙyala dariya.

Wata tsohuwar Bafulatana da ke cikin fasinjojin ta taɓa kafaɗar Fa'iza. "Yarinya, kama ɗanki. Magariba ce, masu wuri na fitowa."

"To, Goggo."

Amma ta duba wayar. Sabis ya kawo sanda ɗaya. Caji saura biyar. A gida ba wuta, kafin su isa duhu ya rufe, kafin gari ya waye kuma an shiga da Balarabe. Ga sauran haske ja-ja a kan ciyawa. In ba yanzu ba, sai yaushe?

Ta tsallaka kwalbati ta bi shi.

Wurin na warin danyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Gyare na ta kuka. Daga baya tana jin Malam Audu ya tayar da iƙama.

"Kyauta, kalli nan. Babanka ne zai gani. Tsaya mana!"

Ina! Ya wuce ta fuu, hannunsa ɗaya a miƙe gaba, kamar yadda yake gudu kullum. Takaicin wuni guda ya taso mata.

"Kai ja'iri, na ce ka tsaya!"

Ta saita, ta danna, ta riƙe.

Tas-tas-tas-tas-tas.

Ta buɗe na farko. Numfashinta ya ɗauke don murna. Ga shi nan! Ga idanu, ga wushirya, ga ɗan tabon goshi. Hancin Balarabe sak. Shekara huɗu tana neman wannan fuskar.

Sai idonta ya bi hannun da ya miƙa.

Akwai wani hannu riƙe da shi.

Siriri ne, toka-toka, yatsunsa sun zagaye wuyan hannun Kyauta sau biyu.

Mai hannun tsayinsu ɗaya. Ya ba kyamara baya, yana gaba yana ja. Ba riga a jikinsa. A ƙafarsa ta hagu akwai jan takalmin roba.

Ta san takalmin. Na Sallar bara ne. Ranar da ya ɓata, da ɗayan ta zane Kyauta, yana kuka yana cewa abokinsa ne ya ara.

Yatsanta ya ja hoto na biyu da kansa. Kan abin ya ɗan karkato.

Na biyar, gefen fuska.

Na goma, ido ɗaya, a tsage daga sama zuwa ƙasa.

Na ƙarshe, yana kallonta.

Gyare ya yi shiru.

Ba ta jin iƙama. Ba ta jin dariya. Ta ɗago kai.

Kyauta na tsaye.

Ƙafa ɗaya a sama, hannu a miƙe, baki a buɗe da rabin dariya. Gefen rigarsa da iska ta ɗaga ya tsaya a ɗage. Wani ƙuda ya sauka a kan ƙwayar idonsa. Bai ƙifta ba.

"Kyauta?"

Ta taɓa kumatunsa. Sanyi, kamar randa. Ta sa kunne a ƙirjinsa. Ba komai. Ta rungume shi za ta ɗaga, kamar ta rungumi marken.

Wani wari ya taso, irin na ruwan da ya daɗe a tsohon ramin haƙar kuza.

Sai aka yi magana a gefen yaron, inda ba kowa. Muryarta ce. Tata ta kanta, har da yadda take jan ƙarshen kalma.

"Kai ja'iri, na ce ka tsaya."

Aka yi 'yar dariya. Muryar ta koma raɗa.

"Kin ce ya tsaya. Ga shi ya tsaya."

Ta buɗe baki za ta yi a'uziyya, harshenta ya yi nauyi. Da ƙyar ta haɗa ta.

"Kin kama ni," in ji raɗar. "Ni kuma ina riƙe da shi. Sake ni, in sake shi."

Ta dubi wayar. Caji saura uku. Sabis na nan, sanda ɗaya. Ga fuskar Kyauta tar, ga sunan Balarabe a sama. Dannawa biyu, hoton ya isa Aljeriya. Sai ta yanke gefen kawai.

In kuma ya isa can, wa zai goge shi?

Ta zaɓi duka ashirin ɗin. Ta goge.

Ta ɗago.

Ƙudan na nan a idonsa. Leɓɓansa sun fara yin shuɗi.

"Na goge! Wallahi na goge!"

"Wallahi na goge," aka maimaita mata, da kukanta da komai.

Caji saura biyu.

Sai bakin Nazifi ya dawo mata. Kwandon shara. Kwana talatin.

Ina yake? Ba ta san wayar ba. Ta danna nan, rediyo ta buɗe. Ta danna can, kalanda. Gumi ya sa yatsanta na zamewa. Hasken fuskar wayar ya rage da kansa.

Saura ɗaya.

Wani abu mai sanyi ya dafa bayan hannunta. Ya ja yatsanta a hankali, kamar malami na koya wa yaro rubutu. Ƙasa. Hagu. Ƙasa.

Ga kwandon.

Ga fuskoki ashirin, duk sun juyo suna kallonta.

Ta danna. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata.

Ta danna.

Fuskar wayar ta yi baƙi.

Kyauta ya faɗi tim da fuska a ciyawa. Ya ja wani dogon numfashi mai ƙara, ya yi tari, ya tsala ihu. Fa'iza ba ta taɓa jin abu mai daɗin wannan ihun ba. Ta sure shi ta ruga, zani na harɗe ta, ƙaya na yagar ƙafarta. Ba ta waiwaya ba. A bayanta tana jin taku, ɗaya da takalmi ɗaya babu, ƙyap, tif, ƙyap, tif, har bakin kwalbati.

Maza sun sallame. Motar ta tashi. Tsohuwar Bafulatanar ta dubi uwar, ta dubi ɗan. Ta tofa addu'a a tafinta ta shafa masa a ka, ta matsa musu wuri.

A gida Inna ta ji labari ba ta ce "na faɗa miki" ba, abin da ya fi duka ciwo. Ta aika aka kira liman, ya yi wa yaron tofi, ya ce a riƙa shigar da shi ɗaki kafin rana ta faɗi.

Da asuba Fa'iza ta hau tsibin ƙasar bayan gari inda sabis ya fi ƙarfi, da tsohuwar wayarta. Ta naɗi muryar Kyauta yana dariya yana kiran Baba, ta haɗa da hoto ɗaya dishi-dishi. Ta ce: "Hancinka ne da shi, da wushiryarka. Na gani da idona. Sauran sai ka dawo ka gani da naka."

Kwana biyu ba amsa. A na uku murya ta shigo, a gajiye, amma da dariya a ciki: "A gaishe min da hayaƙina."

Baƙar wayar tana ƙasan akwatin Inna, ba a sake sa mata caji ba. Washegarin dawowarsu an tsinci jan takalmi a bakin ƙofar ɗaki, ƙafar hagu, ajiye tsaf, da laimar ciyawa a jikinsa. Fa'iza ta bar shi a inda yake.

Kyauta na nan yana gudunsa, hannu ɗaya a miƙe. Yana fasa kwanuka, yana tsallake tukunya, ya taɓa shigewa tsakanin ƙafafun liman. Maƙwabta na mamakin yadda uwarsa ta yi sanyi. Takan ce masa ya zo, takan ce ya bari, wani lokacin har ta ɗaga muciya. Amma tun daga ranar nan, ba wanda ya sake jin ta ce masa ya tsaya.