Ganga da Gajerun Ƙafafu

Wata sabuwar malama ta zo wata makaranta da ganga a kafaɗa. Ba a jima ba, komai ya koma da waƙa. Shara da waƙa, haddar lissafi da waƙa. Da safe kuma kiɗan ganga ne ke raka layin yara zuwa aji.

Hedimasta dai abin bai kwanta masa ba. Yakan ce, "Wai makaranta ce nan ko gidan rawa?"

A aji biyar akwai wata yarinya, gwanar kiɗa ce, amma akwai ta da son a yaba mata. Ranar da Malama ta miƙa mata gangar, ta ce, "Ki bi a hankali. 'Yan aji ɗaya ne a gaba."

Ina! Da ta ji ana tafi, sai kanta ya kumbura. Ta ƙara sauri, ta ƙara wani saurin. Manyan yara suka taho a guje, suka ture ƙanana a bakin ƙofa. Wani ɗan ƙaramin yaro ya faɗi, gwiwarsa ta kurje.

Hedimasta ya daka tsawa. "Shi ke nan! Daga yau babu kiɗa!"

Makaranta ta yi tsit. Ƙawayen yarinyar ko kallonta ba sa yi. Ta koma gida tana sharar hawaye, ta gaya wa mamarta komai.

Mama ta ce, "In na aike ki da ƙaninki, wa ke bin takun wani?"

"Ni nake bin nasa. Ƙafarsa gajera ce."

"To, 'yan aji ɗaya dogayen ƙafafu gare su?"

Yarinya ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta.

Washegari ta ba yaron haƙuri. Sannan ta tafi ofis, Malama na biye da ita.

Yarinyar ta ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ba na ganga ba. Don Allah a gwada ni sau ɗaya."

Hedimasta ya kalle ta ta saman tabarau. "Sau ɗaya fa!"

Aka ja layi. Wannan karon yarinyar ba ta kalli masu tafi ba. Ta zuba wa ƙafafun ɗan yaron nan ido. In ya taka, ta buga. Dum. Dum. Dum.

Layi ya tafi sumul, babu turereniya. Malama ta tada waƙa, makaranta gaba ɗaya ta amsa. Kai, har jikin mutum sai da ya yi yarr!

Hedimasta ya gyara murya. "Gobe ma a zo da gangar."

Sai sowa ta ɓarke! Malama ta rungume ta, yarinyar na dariya har da hawaye. Daga ranar ta gane cewa duk wanda aka ba shi ragamar tafiya, da ƙarami zai fara lura, ba da masu yi masa tafi ba.