Tiyon Labbo

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Saratu, rufe kwanon nan. Ba na son ganin abinci ina wannan labarin.

Labbo direban jirgin ruwa ne a mashigarmu. Yana da wani tsohon inji da ya gada wurin babansa. Da safe, ja ɗaya ya tashi. Amma in ya yi gudu ya ɗau zafi, ka kuskura ka kashe shi, to ka ja igiya har kafaɗarka ta goce, ba zai ce uffan ba. Sai an ɗaga murfi, an kwance fulogi an goge, a zauna jiran ya huce. Robar da ake matsawa mai ya hau kuwa ta daɗe da tsagewa, ya yanke ta ya yar. Da baki yake zuƙo fetur ta tiyo, ya tofar, ya maƙala. Ƙazanta dai. Rabin direbobin mashigar haka suke yi.

Ran nan kububuwa ta sari mahaifiyarsa, Inna Kulu, a fadama. Rana tsaka. Maza duk sun tafi kasuwa. Ya ɗauke ta ya shimfiɗe a jirgi, daga shi sai ita, ya nufi asibiti a ƙetaren kogi. Ƙafar ta kumbura kamar turmi. Don ya yanke hanya, sai ya bi ta bayan Gungun Kainuwa, inda ko masunta ba sa jefa taru.

Can ciyawa ta nannaɗe farfela. Inji ya fara gurnani. Dole ya kashe, ya sa hannu ya warware.

Ya ja igiya. Shiru.

Ya sake ja. Shiru. Cikin ruɗewa ya ja cok don ƙara mai, abin da ba a yi wa inji mai zafi. Mai ya shaƙe shi. Ya kwance fulogi, ya fito jiƙe sharkaf. Ya goge da bakin riga, ya hura, ya mayar. Shiru. Ya waiwaya, ya ga jini ya fara tsattsafowa daga dasashin Inna. Inji yana son a jira shi, ita kuwa ba ta da lokacin jira.

Sai wari ya taso.

Kun san hanjin kifi in an manta shi a bokiti ya kwana uku? To ya fi. Ƙudaje suka sauko. Tsuntsayen gungu suka yi tsit. Labbo ya ji jirgin ya karkata, ya duba, ga hannu riƙe da bakin katako. Wani tsoho ne tsaye, ruwa iya ƙugunsa, a wurin da gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa. Fatarsa fari fat, a yamutse, kamar hannun wadda ta wuni wanki. Matsattsaku sun yi masa layi a wuya, sun ƙoshi, suna lilo.

Ya hawo jirgin. Yatsun ƙafarsa a haɗe suke da fata, irin na agwagwa.

"Sannu, direba." Muryar kamar mai kurkure maƙogwaro.

"Yauwa, Baba."

"Ya ƙi?"

"Ya ƙi. Zafi ya ɗauka."

"Ƙishi yake ji. Miƙo tiyo."

Labbo ya ciro ya miƙa. Tsohon ya cusa a baki. Bai zuƙa ba, hurawa ya yi. Tanki ya dinga ɓulɓul. Da ya zare, yauƙi kore ya biyo tiyon, yana ja kamar miyar kuɓewa. Tir! Ya miƙo wa Labbo.

"Zuƙa."

"Bari in goge, Baba."

"Goge. Sai ka jira ya huce."

Labbo ya dubi uwarsa. Nishin ma ta daina. Ya rufe ido, ya ɗora leɓensa daidai inda na tsohon ya tashi, ya zuƙa.

Abin da ya hau ba fetur ba ne. Mai ɗumi ne, mai kauri, kuma akwai abin da ke motsi a ciki. Ya juya zai tofar.

"Haɗiye."

Kai Ila, in amai za ka yi, sauka mini daga tabarma.

Ya haɗiye. Ya maƙala tiyo, ya ja igiya sau ɗaya, inji ya kama kamar sabo. Da ya waiwayo ba kowa, sai sawun ƙafa mai santsi a kan katako.

Sun isa. An yi wa Inna Kulu allura, ta tashi. Injin kuwa tun ranar bai sake gardama ba, ko da murfinsa na ƙona hannu.

Amma bakin Labbo. Ya wanke da sabulu, da toka, da gawayi. Ya ci goro, ya tauna kanumfari, ya sha rubutu har cikinsa ya ɗaure. Warin yana nan. Tuwo, fura, shayi, duk ɗanɗanon abin nan suke masa. Fasinja suka koma jiragen wasu. A sahun salla sai ka ga fili dama da hagunsa. Labbo da bakinsa ya ba babana wannan labarin, shi ma daga nesa ya tsaya ya ji.

Saboda haka ku ji ni. Kada ɗayanku ya bi bayan gungun nan shi kaɗai da rana tsaka. In inji ya ɗau zafi, ku ɗau filafili ku tuƙa.

Ranar da aka sallamo Inna Kulu, Labbo ya shiga ɗakinta, ya durƙusa gaban gado.

"Inna, ya jiki?"

Ta ja mayafi ta toshe hanci. Ba ta san komai ba, ya hana a faɗa mata.

"Da sauƙi, ɗan nan. Amma don Allah ka riƙa gaishe ni daga ƙofa."

Har yau daga ƙofa yake gaishe ta.